Zauren Iyali: Kwana Tara a Santambul, Me Hajiya Ta Gani?

   

A wannan fitowa muna so mu tattauna wata al'ada da ke ƙara yaɗuwa a tsakanin ƴan kasuwarmu, wato mutum ya tashi zuwa sarin kaya a wani babban birni, kamar Dubai ko Alƙahira ko Santambul, ya ce bari ya tafi da maiɗakinsa, shi ya yi cinikinsa, su kuma ɗan zaga gari tare su buɗe ido. Al'ada ce mai kyau, muna yi mata fatan ɗorewa. Sai dai mun lura cewa sau da yawa cinikin kaɗai ake yi, buɗe idon kuwa a baki yake ƙarewa.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu wata magana ce da aka kawo zauren mahaifinmu. Mun nemi iznin masu ita kafin mu ba da labarin, mun kuma ɓoye suna da gari. Wani alhaji ne mai sayar da suturar mata da takalma ya tafi Santambul da uwargidansa, suka yi kwana tara. Da suka komo, mata maƙwabta suka cika gida don yi mata barka da dawowa, kowa na ɗokin jin labari. Aka ce, "Hajiya, me kika gano mana?" Sai ta ce ta ga ɗaki mai gado biyu, da taga mai kallon bangon wani bene, da talabijin mai magana da harshen da ba ta ji. Alhaji yana fita bayan shayin safe, ba ya komowa sai bayan lisha, a gajiye, ya baje rasit a kan gado yana lissafi har barci ya kwashe shi. Ita kuwa ba ta da harshen garin, ba ta da kuɗin garin, wayarta ba ta aiki sai a cikin otal, saboda haka ko ƙofar waje ba ta leƙa ba. A can gida kuma amarya ta yi kwana taran nan tana ƙuna, tana zaton abokiyar zamanta na can tana shan daɗin duniya. Alhaji ya dawo ya tarar da fushi a ɗakuna biyu.

Da aka zauna, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, na biya kuɗin jirgi, na biya biza, na biya otal. Me kuma ake so in yi?" Malam ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce masa, "Alhaji, kai ne ka je Santambul. Ita ɗaki kawai ka canja mata."

Wannan jimla ita ce tushen abin da za mu faɗa yau. Wanda ya ɗauki matarsa zuwa tafiyar fatauci, to ya yanka mata rabo sananne a cikin kwanakinsa, da kuɗinsa, da hankalinsa, kuma ya yanka shi tun kafin a bar gida. In ba zai iya ba, barinta a ɗakinta cikin ƴaƴanta ya fi mata sauƙi.

Tafiya da iyali ba baƙon abu ba ce

Wasu na ɗauka cewa tafiya da mata koyi ne da Turawa. Tarihinmu bai yarda da haka ba. A zamanin da kakanninmu fatake ke bin hanyar Gwanja sarin goro, ayari kan yi watanni a kan hanya a ƙarƙashin madugu, kuma akwai mata a cikinsa, suna girki in an sauka zango, suna kuma ƴan saye da sayarwarsu. Haka nan alhazan ƙafa da suka bi ta Cadi da Sudan, da yawansu da iyalinsu suka tafi, shi ya sa har gobe zuri'arsu na can.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa idan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin tafiya, yakan jefa ƙuri'a a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Mu dubi kuma yadda yake da su a kan hanya. A wata tafiya ya ce wa sahabbai su yi gaba, ya tsaya ya yi tseren gudu da A'isha, ta wuce shi; bayan shekaru, da ta ƙara jiki, suka sake yi a wata tafiyar, ya wuce ta, yana dariya yana tuna mata na farkon. Abu Dawuda ne ya kawo wannan. A kan hanyar komowa daga Haibara, a shekara ta 7 bayan Hijira, Anas ya gan shi yana durƙusawa kusa da raƙumi, yana kafa gwiwarsa don Nana Safiyya ta taka ta hau. Wannan fa shugaba ne mai ɗauke da nauyin runduna da al'umma duka, amma ya samu sararin matarsa. Ina hujjar wanda kwali 40 na takalma suka hana shi?

Haɗa neman halali da wata manufa mai kyau a tafiya ɗaya ma ba laifi ba ne. Suratu Ƙuraishi ta lissafa tafiye-tafiyen fataucin hunturu da bazara a cikin ni'imomin Allah, aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta ɗauke laifi ga mai ciniki a lokacin aikin hajji, ayoyi da dama kuma sun yi umurni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Wannan umurni na dubawa da lura bai keɓanta ga maza ba.

Wa za a ɗauka?

Ga mai mace ɗaya tambayar ba ta taso ba. Ga mai biyu ko fiye kuwa, a nan ne wuta ke fara kamawa. Malaman Shafi'iyya da Hambaliyya sun wajabta ƙuri'a, sai fa in sauran matan sun yarda. Hanafiyya sun ce mustahabbi ce. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya kawo a cikin Muhtasar cewa miji yana da zaɓi, sai a tafiyar hajji da ta yaƙi ne ake ƙuri'a, kuma kwanakin da aka yi a tafiya ba a rama wa wadda ta zauna gida. Dalilin malamanmu a fili yake: wata macen ta fi jure hanya, wata kuma in ta bar gida kwana biyu komai sai ya watse.

Amma ƴan'uwa, abin da fiƙihu ya halatta shi ne iyakar ƙasa, zaman lafiyar gida kuwa yakan nemi fiye da haka. An ba miji zaɓi ne don maslaha, ba a ba shi don son zuciya ba. Magidancin da kullum maslaharsa ke faɗawa a kan amarya, ya binciki kansa. Shawararmu ita ce a yi ɗaya daga cikin biyu: ko dai ƙuri'a a gaban kowa, ko kuwa a kafa layi, bana wannan, baɗi waccan, a kuma faɗe shi da wuri kowa ta sani. Idan wadda layi ya zo kanta tana da tsohon ciki ko jinjiri, a ajiye mata haƙƙinta zuwa gaba, kada a ce ya faɗi. Wadda aka bari a gida, a bar mata cefane wadatacce, a riƙa kiranta kowace rana, tsaraba kuma ta zo daidai. Annabi ya siffanta tafiya da yanki na azaba, ya kuma hori matafiyi da ya gaggauta komawa ga iyalinsa da zarar ya gama buƙatarsa. Saboda haka kwanakin buɗe ido su zama ƙidayayyu, kada a ƙara mako a kan mako alhali wata tana can tana jira.

Ga ƴar'uwa da aka tafi da ita ma muna da magana. Hoton da kika ɗauka a bakin teku, ki duba niyyarki kafin ki sa shi a WhatsApp. In don abokiyar zama ta gani ta ji zafi ne, to kin sayar da ladar tafiyarki da araha.

Jaka biyu

Abu na biyu shi ne kuɗi. Kowa ya san cewa ɗan kasuwarmu ba da kuɗinsa kaɗai yake tafiya ba. A jakarsa akwai saƙon abokan kasuwa, da jarin wata gwauruwa da ta sayar da shanun gado ta ba shi ya juya mata, da bashin da ya karɓa da alkawarin biya in kaya sun iso. Wannan duka amana ce. Kuɗin jirgin maiɗaki, da abincinta, da kuɗin shiga gidajen tarihi, ba su da hurumi a cikinta. Wanda ya zuba su a cikin kuɗin ɗawainiyar kaya, ya raba wa masu saƙo su biya ba da saninsu ba, ya ci haram, ko da kuwa abin kaɗan ne.

Hanyar kuɓuta ita ce a yi jaka biyu tun daga gida: ta jari daban, ta guzuri daban, a rubuta abin da ke cikin kowace. In ta guzuri ta ƙare, yawo ya ƙare. Wanda kuma sai ya ci bashi kafin ya iya ɗaukar matarsa, ya dakata tukuna, domin nafaƙar gida wajiba ce, buɗe ido kuwa ba wajibi ba ne.

Akwai kuma gidajen da abin ya juya, hajiya ce mai jari, maigida rakiya ya yi mata a matsayin muharrami. Wannan ma yana da asali, don kuwa da dukiyar Nana Hadiza ne Annabi ya tafi fatauci Sham kafin aurensu. Dukiyar mace tata ce. Mijin da ya raka matarsa sari, ya taya ta ɗaukar kaya da tsare mutunci, amma kada ya mai da jakarta aljihunsa.

Har ila yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Aure da yawa a wurinmu a masallaci aka ɗaura shi, ba a kai shi ofishin magajin gari ba, alhali masu ba da biza kan nemi takardar aure. A nemi wannan takarda tun da sauran lokaci, a kuma duba cewa sunan da ke kan fasfo ya yi daidai da na sauran takardu harafi da harafi, domin sunan Hausa ɗaya kan fito da rubutu iri uku a hannun ma'aikata.

Yadda za a raba kwanaki

Bari mu ɗauki birnin da Alhaji ya je ya zama misali, Istambul, wanda kakanninmu ke kira Santambul. Tun da Turkiyya ta buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2012, jirgin ƙasarta kuma ya fara sauka can a shekarar, ƴan kasuwarmu suka ƙara yawa a wannan birni mai mutum sama da miliyan 15. Galibinsu a unguwar Laleli suke sauka, inda shagunan sarin tufafi da ofisoshin aika kaya suke jere. Wasu su wuce Merter ko Usmanbe.

Taura biyu ba ta taunuwa lokaci ɗaya, saboda haka kada a ce za a yi ciniki da yawo a yini guda. A ba kasuwa kwanakin farko cur, a zaɓi kaya, a biya, a kai awo. Akwai kwanakin jira da ba makawa, lokacin da ake haɗa kaya ana ɗaurewa. Akwai kuma Lahadi, ranar da babbar kasuwa da yawancin shagunan sari ke rufe. Mutumin da zai yi kwana tara, ko bai so ba sai ya samu kwana biyu da ba shi da abin yi. Alhajinmu a zaman shayi da hira da abokan sari ya kashe nasa.

Abin mamaki kuma, ba a buƙatar tafiya mai nisa. A tsakiyar Laleli ɗin kanta akwai masallacin da Sarki Mustafa na Uku ya gina tsakanin 1760 da 1764, an ɗora shi a kan tudu, shaguna na ƙarƙashinsa. Daga nan tafiyar ƙafa ta kusan minti 15 za ta kai mutum masallacin Sulaimaniyya, wanda babban magini Sinan ya gina wa Sarki Sulaimanu daga 1550 zuwa 1557, ƙubbarsa ta kai mita 53 a tsayi. Ba masallaci kaɗai aka gina ba, an kewaye shi da makarantu, da asibiti, da gidan ciyar da mabuƙata, da masaukin baƙi. Daga farfajiyarsa ana hango teku da jiragen ruwa, kuma ba a biyan ko dala.

Jirgin ƙasa na cikin gari da ke ratsa Laleli shi ne kuma ke zuwa Merter ta yamma. In aka hau shi ta gabas, tasha ta farko ita ce bakin babbar kasuwar nan mai rufi, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Muhammadu Alfatihi jim kaɗan bayan ya ci birnin a 1453, mai tituna sama da 60 da shaguna wajen 4,000. Tasha ta uku ita ce dandalin da masallatai biyu ke fuskantar juna: na Sarki Ahmadu mai hasumiya shida, wanda aka fara a 1609, da Ayasofiya, wadda aka gina a matsayin coci a shekara ta 537, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, ta sake komawa masallaci a 2020. A bayanta fadar Tofkafi take, inda aka ajiye kayayyakin da ake jinginawa ga Annabi da sahabbai, waɗanda aka kawo bayan Sarki Salimu ya ci Masar a 1517, ana kuma karatun Alƙur'ani a ɗakin dare da rana. A kiyaye, ranar Talata fadar a rufe take.

A wannan fada ne ya kamata miji da mata su tsaya su yi tunani. Daga cikinta aka mulki ƙasashe a nahiyoyi uku, sarakunan Barno ma sun aika mata da jakadu. A 1922 aka soke sarautar, a 1924 aka soke halifancin, a shekarar kuma fadar ta zama gidan kallo, yau kowane baƙo mai kuɗin tikiti yana shiga inda da waziri ke shiga da rawar jiki. Wannan shi ne irin dubawar da Alƙur'ani ya yi umurni da ita, kuma gani ya kori ji.

In aka ci gaba da jirgin zuwa Eminonu, a bakin ruwa, akwai abin da muke so iyayenmu mata su gani da idonsu. Babban masallacin da ke wurin mace ce ta fara gina shi a 1597, Safiyya mahaifiyar Sarki Muhammadu na Uku, wata macen kuma, Turhan mahaifiyar Sarki Muhammadu na Huɗu, ta kammala shi bayan fiye da shekara 60. Kasuwar kayan yaji da ke gefensa, wadda ake kira Kasuwar Masar, waƙafinsa ce, an gina ta ne don kuɗin hayar shagunanta su riƙe masallacin. Daga nan a shiga jirgin fito, da katin da aka hau jirgin ƙasa, cikin kusan minti 20 an bar nahiyar Turai an sauka Asiya, a Uskudar. Masallacin da zai fara tarbar mutum a bakin mashaya Mihrima ce ta gina shi, ƴar Sarki Sulaimanu, a 1548. Hajiyar da ta ga abin da mata suka yi da dukiyarsu, ta dawo gida da tunanin rijiya ko ajin Islamiyya a unguwarsu, ba a yi asarar kuɗin jirginta ba.

Ko a kwanakin kasuwa ma, wa ya ce sai an bar ta a ɗaki? Alhajinmu suturar mata yake sara. Ya kulle a otal mutum ɗaya tilo da ta san launin da matan garinsu ke so, da yadin da ke jure zafinmu, da ɗinkin da ya riga ya fita yayi, ya tafi yana neman shawarar dillali Baturke. Da ya tafi da ita yini ɗaya, da wataƙila kayan da suka kwanta masa a shago ba su kwanta ba. A ranakun da dole ta zauna kuwa, a bar mata layin waya mai aiki, da katin otal mai adireshi, da kuɗin ƙasar gwargwado, a kuma dawo a ci abincin rana tare in da hali. Ita ma ta yi haƙuri da ranakun aiki, ta tuna cewa cinikin ne ya kawo su.

Salla a baƙon gari

Wasu matafiya na yin ƙasaru tun daga ranar fita har ranar komowa. A Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, ƙasaru na halatta a tafiyar mil 48, wato wajen kilomita 80, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ko salloli 20, to cikawa zai yi. Mai kwana tara a Santambul ƙasarunsa a kan hanya ne kawai. Mutanen garin Hanafawa ne, a wurinsu sai kwana 15, saboda haka kada bambancin ya rikita kowa.

Alƙibla ma abin lura ce. Mu nan mun saba cewa gabas, har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu. A Santambul kuwa Ka'aba tana kudu maso gabas, kuma ta fi karkata kudu. Lokuta su ma suna sauyawa ƙwarai: a watan Yuni alfijir na ketowa kafin ƙarfe 4, lisha sai bayan 10 na dare. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, a tuna da haka in za a kira gida. Masallatansu suna da wurin mata, don haka babu dalilin da zai sa maigida ya shiga salla ya bar matarsa tsaye a titi. Juma'a ranar aiki ce a can, sai mutum ya tsara cinikinsa yadda ba za ta kuɓuce masa ba. Wajen abinci kuma a duba, domin wasu gidajen cin abinci suna sayar da giya. Mai zuwa a watan Janairu ko Fabrairu ya tanadar wa iyalinsa rigunan sanyi na gaske, don ƙanƙara kan sauka.

Wanda ba shi da kuɗin jirgi

Kada mai ƙaramin jari ya ce wannan zance na manyan alhazai ne. Mutanen Maraɗi da Damagaram nawa ne ke shiga Kano sari sau da yawa a shekara, suka san Kantin Kwari lungu-lungu, amma matansu ba su taɓa ganin Dutsen Dala ba, ko Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa? Mata nawa ne a gidajenmu suka tsufa ba su ga teku ba, alhali mazansu sun yi shekara 20 suna zirga-zirgar Lome? Na zaune bai ga gari ba. Yini ɗaya a shekara ba zai karya jari ba.

Mu koma ga Alhaji. An rabu a kan cewa tafiya ta gaba ta amarya ce, wadda ke biye kuma zai koma da uwargida, don Malam ya ce tana bin sa bashin kwana biyu. Malam ya kuma ba shi shawarar wurin da zai fara kai kowace daga cikinsu, wato unguwar Ayyub, inda kabarin sahabi Abu Ayyuba Al'ansari yake. Shi ne wanda Annabi ya sauka a gidansa da ya isa Madina, ya rasu kuma a bakin ganuwar wannan birni a zamanin Mu'awiya, kusan shekara 800 kafin Musulmi su ci shi. Masu tarihin Annabi sun ba da labarin wani dare da tulun ruwa ya fashe a saman benen gidansa, Annabi yana ƙasa, sai shi da matarsa Ummu Ayyuba suka tashi suka tsane ruwan da mayafinsu, ba su da wani sai shi, don kada ya ɗiga a kan baƙonsu. Malam ya ce masa, "In kun je, ku yi sallama, ku yi masa addu'a, ku tuna da mutuwa. Sa'an nan ka zauna ka ba ta wannan labari da bakinka, ka nuna mata cewa su biyu suka yi aikin."

Allah Ya sa albarka a cikin fataucinmu, Ya ba mu ikon yin adalci a gidajenmu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya komo da su lafiya. Masu tambaya ko ƙarin bayani sai su aiko ta ofishin ƙungiya kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.